Darasin Tattali: Yadda Za Ki Tuƙa Motar Haibirid Ta Rage Shan Mai

Darasinmu na wannan fitowa ya baro ɗakin girki ya leƙa gareji, amma dai maganar ba ta wuce tattali ba.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin gidajenmu ya canza. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Kowace uwargida ta san aljihun da ke cika tanki shi ne ke fitar da kuɗin cefane da na makarantar yara, in ɗaya ya ƙaru dole ɗaya ya ji a jikinsa. Wannan ya sa wasu gidajen suka karkata ga motar da ake kira haibirid, wadda ke haɗa fetur da lantarki. To amma sai ka ji an saya da tsada, bayan wata biyu ana ƙorafi wai ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wani lokacin batirin ne ya tsufa, gaskiya ne. Amma sau da yawa matsalar tana ga ƙafar dama ta mai tuƙi, domin motar tana da halinta, in ba a bi ta da shi ba ba ta bayar da abin da ke cikinta.

Na san ba dukkanmu ke tuƙi ba. Wadda maigida ke tuƙawa, ko direba, ko babban ɗanta, ita ma ta karanta, ta san lokacin da za ta sa baki da kuma lafazin da za ta sa shi. Sai dai shawarata, kada a yi wa maigida wannan darasi yana tsakiyar gosulo.

Mece ce haibirid?

Mota ce mai inji biyu: injin fetur irin wanda muka sani, da injin lantarki. Tana kuma da babban batir, galibi a ƙarƙashin kujerar baya ko a bayanta, ban da ƙaramin batirin da kowace mota ke da shi. Kwamfutar motar ce ke zaɓen wanda zai yi aiki a kowane lokaci: wani sa'in lantarki shi kaɗai, wani sa'in fetur, wani sa'in su haɗu su ja tare. Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irinta da yawa, wato Prius, a Japan a 1997, Honda ya biyo da Insight a 1999. Daga baya aka sa wannan tsari a Camry da Highlander da Lexus RX da sauransu, kuma su ne muke gani a titunanmu cikin motocin da ake shigowa da su na hannu.

Tambayar da mata suka fi yi ita ce, “To mu da ba mu da tsayayyar wuta, ina za mu yi cajinta?” Kwantar da hankalinki. Akwai wani nau'i da ake jonawa a soket, amma haibirid ɗin da muke magana a kai ba a jona ta ko'ina. Batirinta yana samun wuta ta hanya biyu: daga injin fetur, da kuma daga birki. Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen darasin gaba ɗaya: duk wutar da ke cikin batirin, asalinta daga fetur ɗin da kika saya take. Babu ta kyauta. Abin da motar ta iya shi ne tsince abin da sauran motoci ke zubarwa.

Ga yadda abin yake. Murza tafin hannunki biyu da ƙarfi, za ki ji zafi. Haka birkin mota yake aiki: yana matse ƙarfen da ke juyawa da taya, gudun motar ya koma zafi ya bi iska. Wato man da aka ƙona har motar ta kai wannan gudu ya tafi ke nan. A haibirid kuwa, da kin ɗaga ƙafa daga totur ko kin ɗora ta a birki a hankali, injin lantarkin sai ya juye ya zama janareta, tayoyin su riƙa juya shi, shi kuma yana zuba wuta cikin batir, motar tana rage gudu. Wutar nan ita za ta tayar da ke in kin tashi tafiya. Ban da haka, in kin tsaya a danja injin fetur yana mutuwa da kansa, ba ya zama yana silo yana cin mai a banza.

Shi ya sa ribarta ta fi fitowa a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi. Gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nuna Prius ƙirar 2010 tana yin wajen kilomita 21 da lita ɗaya a cikin gari, Corolla ta wannan shekarar mai giyar otomatik kuma wajen 11. Kusan ninki ke nan. Amma wannan lissafin sabuwar mota ne a wurin gwaji. Tamu da ta sha shekaru, ga ramuka ga zafin rana, kada a sa ran za ta kai haka. Abin da muke nema shi ne mu matsa kusa.

Birki: nan kuɗin yake

Ki ɗauki batirin nan kamar kwalba mai ƙaramin baki, ke kuma kina ɗura man gyaɗa da mazurari. In kika zuba a hankali duk zai shige. In kika kifa gwangwanin gaba ɗaya, kaɗan zai shiga, sauran ya malale a ƙasa. Janaretan motar yana da iyakar abin da zai iya karɓa a lokaci guda. In kika taka birki a hankali tun daga nesa, shi zai yi yawancin aikin. In kika taho a guje sai dab da danja kika danne birki, motar ba ta da zaɓi, sai ta kira birki na gargajiya ya taimaka, shi kuwa zafi kawai ya iya yi.

Don haka tuƙin haibirid da ido ake yin sa kafin ƙafa. Kada idonki ya tsaya a bayan motar da ke gabanki kawai. Hango can gaba: danja ta yi ja? Akwai shataletale? Akwai tudun rage gudu a bakin makaranta? Ɗan Adaidaita Sahu ya hango fasinja? Wannan kam kin san ba sigina zai yi ba. Da kin hango, ki ɗaga ƙafa tun da wuri, ki bar motar ta gangara, sannan ki ɗora birki sannu a hankali, ki riƙe shi haka har ki tsaya. Sau da yawa ma kafin ki isa danjar ta ba da hannu, ki wuce ba ki tsaya ba, wanda ya wuce ki a guje ɗazu kuwa yana nan tsaye yana shirin tashi daga farko. Wannan ita ce riba mafi girma, domin ko janaretan ya tsinto, ba ya dawo da duka. Gudun da ba ki kashe ba ya fi wanda kika kashe kika tsinto rabi.

Wannan ba zai yiwu ba sai kin bar tazara tsakaninki da na gaba. Mai manne wa bayan mota kullum ƙafarta tana tsalle tsakanin totur da birki. Na san in kin bar wuri wani zai kutso, halin titunanmu ke nan. Ƙyale shi, ki sake ja baya kaɗan, ba daƙiƙa nawa ya ci miki ba.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata mu sani. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikin tafiyar motar sau huɗu yake ninkawa. Motar da ke kilomita 60 tana ɗauke da ninki huɗu na mai tafiya a 30. Duk wannan da mai aka saye shi, kuma duk sai an kashe shi kafin ta tsaya. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato fizga da dannar birki, yana ƙara asarar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a inda ake tsayawa ana tashi.

Amma fa a fahimce ni: wannan duk a tafiya ta lafiya ne. In yaro ya faɗo titi, ki danne birki iya ƙarfinki, a manta da zancen batir.

Tashi da tafiya

A nan mutane suka rabu biyu, kuma duk sun kauce. Akwai mai fizgar mota kamar ana bin ta. Akwai kuma wadda aka ce mata lantarki ba ya cin mai, sai ta riƙa rarrafe kamar hawainiya don kada injin fetur ya tashi, ta tara layi a bayanta ana ta danna mata hon. Hanya mafi kyau ita ce tsaka-tsaki: ki tashi a hankali, ki ba ta wuta daidai misali har ki kai gudun da kike so ba tare da jan lokaci ba, sannan ki ɗaga ƙafa gaba ɗaya na ɗan lokaci, ki mayar da ita a tausashe. Wannan ɗagawar ita ke gaya wa kwamfutar cewa kin ƙoshi, sai ta kashe injin fetur ta bar lantarki ya riƙe tafiyar. A tsofaffin Prius hakan yana faruwa in gudun bai wuce wajen kilomita 65 zuwa 70 ba, sababbi kuwa suna iya yi a sama da haka.

Masu ƙwarewa suna yin wannan a jere: su ba da wuta, su saki ta gangara, in gudu ya ragu su sake ba da wuta. Yana rage mai ƙwarai, amma ni ban ga dacewarsa ba in akwai motoci a bayanki, don na baya ba zai gane me kike nufi ba. A bar shi sai titi ya yi sarari.

Motar ma tana koya miki in kin kula. A yawancin haibirid na Toyota akwai wani ma'auni a gaban sitiyari mai kashi uku: CHG, wato batir yana karɓar caji, ECO, wato kina cikin tattali, sai PWR ko POWER, inda motar ke ba da ƙarfinta duka tana shan mai. Ki yi ƙoƙari allurar ta zauna a ECO, sai in za ki wuce wata motar ko za ki hau tudu. In kina birki kuma kika ga ta cika CHG har ƙarshe, to mazurari ya cika, abin da kika ƙara zuba ne. Ki saba da shi da wutsiyar ido, kada kallonsa ya ɗauke ki daga titi.

Maɓallin ECO yana da amfani, yana tausasa totur ya kuma rage wa na'urar sanyi zafin nama. Maɓallin EV kuwa shi ne ke yaudarar mutane. Yana tilasta wa motar tafiya da lantarki zalla, amma batirin ƙarami ne, bai fi ya kai ki kilomita ɗaya ko biyu ba, a gudun da bai wuce wajen 40 ba. Da ya yi ƙasa injin fetur zai tashi ya biya bashin, kuma bashi ne mai ruwa, domin duk lokacin da aka juya fetur ya zama wuta, aka adana, aka sake fitarwa, sai wani abu ya salwanta a hanya, kamar dai juye manja daga kwalba zuwa kwalba. Ki ajiye EV don fita daga gida da asuba ba tare da tada maƙwabta ba, ko gyara fakin. Kada kuma ki damu in kin ga batirin ba ya cika fal a allo. Da gangan kwamfutar ke riƙe shi a tsakiya, tsakanin wajen kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari, don ya yi tsawon rai.

Harufa biyu a jikin giya

Wasu suna ganin B a jikin giyar su ɗauka batir ake nufi, su yini a kai wai suna caji. B birkin inji ne. Aikinsa riƙe mota a doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo in an fito daga Jos, inda batir zai cika tun ba a kai rabi ba, birki kuma ya yi zafi. A titin gari asara ce kawai, ki bar ta a D.

Sai N. Direbobinmu na da sun saba sakin mota a firi in sun samu gangara. A haibirid na Toyota batir ba ya karɓar caji sam in giya tana N, don haka gangarar ta tafi a banza, ga haɗari. Haka in kina dogon layi a gidan mai, ko kina jiran a tashi yara daga makaranta, ki sa P. In kika bar ta a N ga na'urar sanyi a kunne, batirin zai yi ta zuƙewa ba mai mayar masa.

Babbar hanya

A doguwar tafiya ribar haibirid tana raguwa, tunda ba a yawan birki, injin fetur ne ke yawancin aikin. Abokin gabarki a nan iska ce. Turjiyar iska a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, alhali a tafiyar kilomita 100 minti goma kacal za ki rage. Dokar hanya ta Najeriya ma ta tsayar wa ƙananan motoci 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Kayan da ake ɗaurawa a saman mota lokacin biki ko tafiya sallah gida su ma suna kama iska sosai. Abin da zai shiga but a sa shi a but, in an dawo kuma a kwance kariyar.

Zafi da ƙura

Wannan sashe namu ne na musamman, domin wanda ya ƙera motar bai san Afrilun Sakkwato ko Maiduguri ba. Na'urar sanyi tana cin mai fiye da yadda ake zato. A tsananin zafi da gajeruwar tafiya tana iya cinye sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin mota. A Prius tun daga ƙirar 2004, daga babban batir take jan wuta, shi ya sa za ki ji inji yana tashi da kansa kina tsaye.

To a kashe ta ke nan? A'a. Babban batirin da iskar cikin mota ake sanyaya shi, zafi kuwa shi ne babban abin da ke tsufar da shi. In ya yi zafi kwamfutar tana rage aiki da shi, motar ta koma dogaro da fetur. Abin yi shi ne dabara: ki nemi inuwa in za ki yi fakin, ki sa abin tare rana a gilashin gaba. In kin shiga ki sauke gilasai na minti ɗaya ko biyu zafin da ya taru ya fita, sannan ki rufe ki kunna sanyi, ki danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Ki tsayar da shi a 24 ko 25 maimakon can ƙasa.

Yanzu ki je ki duba gefen kujerar baya ko ƙarƙashinta, gwargwadon ƙirar motarki, za ki ga wata 'yar taga mai raga. Hancin batir ke nan. Mu mata mu muka fi toshe shi ba mu sani ba: jakar hannu, mayafi, dardumar salla, jakar makarantar yara, ledar cefane. A bar wurin a buɗe, a kuma hana yara zubar da ruwa ko lemo kusa da shi. Bayan hunturu, lokacin da ƙura ta gama shiga ko'ina, a sa wanda ya san motar ya share ragar da fankar da ke ciki. Na ce wanda ya san motar, domin wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba na kowane bakanike ba ne. Ko gas za a sa wa na'urar sanyi, a tabbatar mai aikin ya san tana da nata mai na musamman. In aka zuba na sauran motoci yana iya jawo ɓarna mai tsada.

Aike-aiken yini

Al'adar kunna mota da safe a bar ta minti goma “ta yi zafi” ba ta da wuri a nan. Da kin ga READY ta kama, ki ɗaura bel ki tafi a hankali. Sai dai a mintunan farko injin fetur zai ƙi mutuwa har sai ya ɗumama, kuma a nan ne motar ta fi shan mai. Saboda haka fita biyar gajeru sun fi fita ɗaya doguwa ci. Ki haɗa aikenki: asibiti, kasuwa, wurin tela, gaida Hajiya, a fita ɗaya. Ki fara da mafi nisa don inji ya ɗumama sosai, ki biyo da na kusa a hanyar dawowa.

Iskar taya a duba ta aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ki nuna wa mai faci, kada ya auna da bugun hannu. Baƙin mai kuma a sa irin wanda littafin motar ya ce, yawancinsu siriri suke so kamar 0W-20. Sannan a sauke tarkacen but. Kowane kilo 45 na ƙarin kaya yana rage tattali da wajen kashi ɗaya cikin ɗari, wato buhun shinkafa guda da aka manta ke nan. Kada kuma tattali ya sa a bar mai ya ƙare ƙaf da tunanin batir zai kai ki gida. In ya zuƙe gaba ɗaya motar ba za ta tashi ba ko an zuba mai, sai an nemo masu na'ura.

Wani abu da ba na mai ba ne amma ba zan tsallake shi ba: motar nan shiru gare ta. A lungu, ko wajen yin ribas a tsakar gida, yaro mai rarrafe ba zai ji ta ba. Ki zagaya ta kafin ki shiga. In kin dawo kuma ki tabbatar READY ta mutu kafin ki fita, domin motar da aka bari a kunne a rufaffen gareji za ta riƙa tayar da inji da kanta cikin dare, hayaƙin kuwa irin na janareta ne da muka sha jin ya hallaka iyali suna barci.

Aikin gida

Darasi ba ya cika sai da gwaji. Ki cika tanki har famfon ya tsaya da kansa, ki rubuta lambar maleji a littafin da kike lissafin cefane. Ki yi tuƙinki yadda kika saba. Ranar da za ki sake cikawa, ki rubuta sabuwar lambar da yawan litar da ta shiga, ki raba kilomitocin da litocin. Misali, kilomita 300 da lita 20 ya ba ki 15. Sai ki ɗauki abu biyu kawai daga wannan darasi, hangen nesa da birki a hankali, ki yi aiki da su tanki na biyu, ki sake aunawa a wannan gidan man. In 15 ta koma 18, gidan da ke tafiyar kilomita 900 a wata ya sauko daga lita 60 zuwa 50. Ki ninka lita goman nan da farashin da ke rubuce a famfo ranar, ki rubuta shi a gefen shafin. Wadda ba ta iya cika tanki lokaci guda kuma, ta riƙa rubuta duk litar da ta saya da lambar maleji har tsawon wata, ta fara ta kuma ƙare a lokacin da allurar mai take wuri ɗaya.